Amsa Ga Mai Tambaya Kan Sanya Yumɓu Da Man Ƙamshin Tsirrai A Sabulun Hannu

Wata baiwar Allah da ta shekara biyu tana haɗa sabulun wanka a gida ta aiko da tambaya. Ta ce ta zuba garin yumɓun bentonayit cokali huɗu da man ɓawon lemun zaƙi a cikin haɗinta, sai haɗin ya sandare a bokiti tun kafin ta kai shi mazubi, washegari ta tarar samansa ya tsage, bayan mako uku kuma ƙamshin ya ɓace ɗungurungum. Tana son ta san inda kuskuren yake, da irin yumɓun da ya dace, da ko farar ƙasar da ake sayarwa a kasuwa za ta wadatar.

Malama, abubuwa uku ne suka same ki a zubi ɗaya, kuma kowannensu yana da dalilinsa daban, amma kafin mu kai gare su ina so mu fara daga ma'auni, domin yumɓu da man ƙamshi ƙari ne kawai a kan sabulu, ba su ne sabulun ba. Sabulu yana samuwa ne idan mai ya haɗu da ruwan kostik soda, kuma kowane irin mai yana da adadin sodar da yake ci. Giram ɗaya na man alayyadi yana buƙatar kimanin giram 0.176 na soda, man ja 0.142, man gyaɗa 0.137, man zaitun 0.135, man kaɗe kuwa 0.128. Idan kika ɗauki kilo ɗaya na mai, wato alayyadi giram 300, man ja 300, man kaɗe 200 da man gyaɗa 200, lissafin zai ba ki soda kimanin giram 148. Daga nan sai a rage kashi 5 cikin ɗari domin a bar ɗan mai da soda ba ta cinye ba, wanda shi ne zai hana sabulun gasa fata, sai a tsaya a giram 141. Ruwa giram 300 ya isa wannan haɗin. Na san yawancinmu an koya mana jiƙa soda a ruwa ta kwana, a saka haidiromita, wato ma'aunin kaurin ruwan soda, a duba ta kai 1275, sannan a auna da kofi. Wannan hanya tana yi wa sabulun wanki, inda mai iri ɗaya ne kuma ba a damu da ɗan kaifi ba, amma sabulun da za a goga a fuska yana buƙatar sikeli mai nuna giram ɗaya-ɗaya. Wanda bai san ainihin nauyin ruwan da ke cikin bokitinsa ba, ba zai iya sanin nawa yumɓu zai shanye daga ciki ba, kuma a nan ne matsalarki ta farko ta samo asali.

Bentonayit yumɓu ne da ya samu daga tokar aman wuta da ta daɗe tana ruɓewa a cikin ruwa, kuma an raɗa masa suna a shekarar 1898 daga wani wuri da ake kira Fort Benton a Amurka. Halinsa shi ne shan ruwa da kumbura, musamman nau'in da ke da sinadarin sodiyam, wanda yake ninka girmansa sau da yawa idan ya jiƙa. Saboda wannan hali ne masu haƙa rijiyar burtsatse da masu haƙar man fetur suke dama shi su tura cikin rami ya riƙe bango. To ki duba abin da ya faru a bokitinki: kin zuba shi busasshe, cokali huɗu, a cikin haɗin da ya riga ya fara kauri, sai ya wawure ruwan da soda take buƙata domin ta yi aikinta a hankali. Haɗin ya tsallake matakin kunu da na talge ya koma tuwo cikin minti biyu. Tsagewar da kika gani washegari ita ma daga nan take, domin haɗi mai ƙarancin ruwa yana ɗaukar zafi da sauri, cikinsa ya kumbura alhali samansa ya riga ya bushe, sai ya dare kamar ƙasar fadama a watan Maris.

Gyaran ba shi da wahala. A kilo ɗaya na mai, bentonayit giram 5 zuwa 10 ya isa, kuma dole a jiƙa shi tun da farko. Ki ɗebi ruwa daga cikin giram 300 ɗin nan, ki dama yumɓun da shi har ya yi laushi kamar kindirmo, ki ajiye shi ya yi aƙalla rabin awa yana shan ruwansa, domin idan ya ƙoshi tun a kofi ba zai yi wa sabulu ƙwace ba. Ga sauran yumɓu, ruwa ninki uku na nauyinsu ya wadatar, amma bentonayit yakan nemi fiye da haka, kuma babu laifi a ƙara masa giram 20 ko 30 na ruwa daga waje. Ni nakan zuba damammen yumɓun a cikin mai tun kafin ruwan soda ya shiga, in markaɗa su da bilenda ta hannu har sai babu gudaji, sa'annan in zuba sodar. Wani abu da ya kamata ki kiyaye shi ne, kada ki sayi bentonayit daga buhun masu haƙa rijiya saboda arha, domin ana iya gauraya shi da wasu sinadarai da suka dace da rami amma ba su dace da fata ba.

In da za ki nemi shawarata a kan yumɓun da za ki fara da shi, da kawolin, wato farin yumɓu, zan ce. Sunansa ya fito ne daga ƙauyen Gaoling da ke kusa da birnin Jingdezhen a ƙasar Sin, inda aka daɗe ana haƙarsa domin yin tangaran. Ba ya kumbura, ba ya gaggauta kauri sosai, kuma yana ba kumfa wani santsi da taushi da hannu yake ganewa tun a wankan farko. Giram 10 zuwa 20 a kilon mai shi ne gwargwadonsa. Yumɓu mai launin hoda da ake sayarwa da tsada shi ma yawanci kawolin ne mai ɗauke da tsatsar ƙarfe, wadda ita ce take ba shi launi, kuma launin nan ba ya kodewa a cikin soda kamar yadda launin ganye da na furanni yake kodewa. Akwai koren yumɓu na Faransa, wanda yake tsotse maiƙo fiye da kawolin, don haka ya fi dacewa da masu fuska mai maiƙo, sai dai korensa a cikin sabulu yakan koma toka-toka. Akwai kuma gasul na ƙasar Maroko, da ake haƙowa a kwarin kogin Muluya a gefen tsaunukan Atlas, wanda sunansa ma daga kalmar Larabci ta wanki ya samo asali, kuma matan can sun yi ɗaruruwan shekaru suna wanke gashi da jiki da shi a gidajen wanka. A sabulu yana ba da launin ƙasa-ƙasa, kuma yana shan ruwa fiye da kawolin, ko da yake bai kai bentonayit ba. Shi bentonayit ɗin inda ya fi amfani shi ne sabulun aski, saboda yadda yake sa reza ta zame a kan fata. Ki tuna kuma cewa jan man ja yana rufe duk waɗannan launuka da ruwan ɗorawa, saboda haka idan launin yumɓu kike so ya fito, sai ki nemi tataccen man ja wanda aka cire masa ja.

Batun farar ƙasa ta kasuwa kuwa yana buƙatar a tsaya a kansa. Gaskiya ne muna da kawolin a ƙasarmu, ana haƙarsa a Ƙanƙara ta jihar Katsina da Alƙaleri ta jihar Bauchi da wasu wurare, kuma babu wani dalili da zai sa a ce na waje ya fi shi asali. Bambancin yana wajen tacewa da gwaji. Abin da ake kira farar ƙasa a kasuwa ba abu ɗaya ba ne: wani kawolin ne, wani alli ne, wani kuma farar ƙasar shafe ce ta bango mai kaifi, wadda ba ta da wurin zama a sabulu ko kaɗan. Ko da kin dace da kawolin na gaskiya, zai zo da yashi da zai karce fata, sai kin jiƙa shi a ruwa mai yawa, kin motsa, kin bar tsakuwa da yashi sun kwanta, kin tsiyaye farin ruwan sama ta cikin ƙyalle mai laushi, kin bar shi ya kwanta, kin shanya, kin daka, kin kuma gasa shi a tanda domin kashe ƙwayoyin cuta. Duk wannan aiki ba ya cire dalma ko arsenik idan suna ciki, kuma an taɓa samun su a cikin irin dunƙulen ƙasar da mata masu juna biyu suke ci. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a shekarar 2010 bai kamata mu ɗauki ƙasar da ba a gwada ba mu daka ta a tsakar gida inda yara suke wasa ba, domin hatsarin ya fi yawa a ƙurar da ake shaƙa da wadda take sauka a abinci. Idan za ki riƙa saye da yawa daga wuri ɗaya, ki kai samfuri ɗakin gwaji na jami'a a duba miki ƙarafa masu guba sau ɗaya, kuɗin ba zai kai asarar da rashin yin hakan zai iya jawowa ba. Idan kuwa kilo ɗaya ko biyu kike buƙata, ki sayi wanda aka tace domin kayan shafa, mai takardar shaidar gwaji.

Sai ƙamshin da ya gudu. Man ɓawon lemun zaƙi kusan kashi 90 cikin ɗari nasa wani sinadari ne mai suna limonin, wanda ba shi da nauyi, yana tashi cikin iska da wuri, kuma zafin da sabulu yake yi a daren farko yana kora shi. Haka dangin lemu duka suke, har da lemun tsami. Ba algus aka yi miki ba, halin man ke nan, kuma ko wanda ya fi kowa ƙwarewa ya zuba shi shi kaɗai, bayan wata ɗaya sai ya kai hanci kusa kafin ya ji wani abu. Masu wannan sana'a suna bi ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce sayen man lemun da aka sake tacewa aka ninka ƙarfinsa sau biyar ko sau goma, wanda ya fi jurewa. Ta biyu ita ce haɗa shi da mai masu nauyi da suke daɗewa, irin su man ganyen faculi, da man itacen sida, da man saiwar betiba, wadda 'yar'uwar jemar da muke saƙa zana da ita ce. A tsakaninsu kuma a saka wanda yake da ƙamshin lemu amma ya fi lemun zama, kamar man ciyawar lemongiras da muke dafawa a shayi. Haɗin da na daɗe ina amfani da shi a kilon mai shi ne lemun zaƙi giram 15, lemongiras giram 10, faculi giram 5. Jimilla giram 30 ke nan, wato kashi 3 cikin ɗari na nauyin mai, kuma wannan shi ne iyakar da nake tsayawa ga yawancin man ƙamshi. Lafanda, da na'a-na'a, da man itacen turare wanda wasu suke kira zaiti, duk suna zama a sabulu fiye da lemu.

Za ki ji ana cewa yumɓu yana riƙe ƙamshi, don haka a dama man ƙamshin da kawolin a bar shi ya kwana kafin a zuba. Na gwada wannan sau da dama, ina yanka zubi ɗaya gida biyu domin in kwatanta, kuma abin da na gani shi ne bambancin ƙarami ne, ba ya mayar da man lemu ya zama faculi. Ina yin hakan har yanzu saboda ba ya cutarwa kuma yana sauƙaƙa gaurayawa, amma ba na so ki dogara da shi ki yi wa masu saye alkawarin ƙamshin da ba zai kai wata biyu ba. Abin da ya fi tasiri shi ne zafin haɗi da wurin shanya. Ki haɗa mai da ruwan soda suna tsakanin digiri 35 zuwa 40, ki zuba man ƙamshi a ƙarshe lokacin da haɗin ya yi kaurin kunu mai ruwa-ruwa, kuma a lokacin bazara kada ki lulluɓe mazubi da bargo kamar yadda ake koyarwa a ƙasashe masu sanyi, domin ɗakin da yake digiri 40 a watan Afrilu ba ya buƙatar ƙarin ɗumi. Ni a irin wannan lokaci da asuba nake zubi.

Akwai mai guda biyu da nake so ki yi hattara da su, kanumfari da kirfa. Muna son ƙamshinsu, kuma suna daɗewa, amma sinadarin yujinol da ke cikin kanumfari yana sandarar da haɗi nan take, da a ce kin haɗa shi da bentonayit ɗin nan da ko cokali ba zai fita daga bokitin ba. Bayan haka dukansu suna iya ƙona fata ko su tayar da ƙaiƙayi. Kanumfari kada ya wuce giram 3 zuwa 5 a kilon mai, man ɓawon kirfa kuwa gara a bar shi. Na'a-na'a da zaiti ba a sa su a sabulun jarirai da ƙananan yara, kuma sabulun jariri a ganina bai kamata a sa masa ƙamshi ba sam. Ƙungiyar masu harkar turare ta duniya, IFRA, tana fitar da iyakar kowane sinadarin ƙamshi a kayan wanka, kuma dillali na ƙwarai zai iya ba ki takardar da ta nuna iyakar man da ya sayar miki. Turaren fesawa da humra da duk wani turare mai ɗauke da sinadarin alkohol ba sa shiga wannan haɗi, domin suna daskarar da shi ya yi gudaji. Ki auna man ƙamshi a kofin gilashi, saboda yana narkar da siririyar roba.

Game da saye, araha ba ta ado. Kafin a sami kilo ɗaya na man fure na wardi sai an turara furanni tan uku zuwa huɗu, saboda haka idan kika ga kwalbar man wardi ko ta sandal ana sayar da ita farashi ɗaya da ta lemu, turaren haɗi ne na kamfani. Shi turaren haɗin ba haramun ba ne a sabulu, wanda aka yi domin sabulu ma ya fi daɗewa, amma bai halatta a sayar da shi da sunan man tsirrai ba, kuma ke ma bai kamata ki rubuta hakan a takardarki ba. Gwaji mai sauƙi shi ne ki ɗiga digo ɗaya a farar takarda ki bar shi ya kwana: man lemu ko lafanda ko na'a-na'a na gaskiya zai tashi bai bar tabon maiƙo ba, wanda aka sirka da man girki kuwa zai bar da'ira. Gwajin ba ya aiki a kan masu nauyi da launi irin faculi.

Tunda a gida kike aiki, bari in nanata abin da na tabbata kin sani. Soda ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, kuma ruwan yakan yi zafi har ya kusa tafasa, yana fitar da tiririn da bai kamata a shaƙa ba. Tukunya da cokali na alminiyam ba sa haɗuwa da soda, domin tana cin su tana fitar da iska mai kama wuta, sai dai roba mai kauri mai lamba 5 a gindinta ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Safar hannu da tabarau wajibi ne, idan kuma ta fallatsa a jiki, ruwa mai yawa za a yi ta kwararawa na tsawon minti 15, idan a ido ne a wuce asibiti bayan wankewar. Ruwan rijiya mai gishiri-gishiri yana rage kumfa kuma yana sa sabulu saurin yin ɗigon ruwan ɗorawa na lalacewar mai, don haka tataccen ruwa ko ruwan sama mai tsabta ya fi. Idan za ki sayi tataccen ruwa a wurin masu batir, ki tabbatar ruwa ne zalla, domin abin da wasu suke kira ruwan batir asid ne.

Bayan kwana ɗaya ko biyu ki cire daga mazubi ki yanka, ki jera a inuwa inda iska take ratsawa, mako huɗu zuwa shida. Sabulu mai yumɓu yakan yi kamar ya bushe da wuri, amma cikinsa yana riƙe da ruwa, saboda haka ki ware guda ɗaya ki riƙa ɗora shi a sikeli duk mako, ranar da nauyinsa ya daina raguwa ya nuna. Da hunturu za ki iya ganin farar hoda a samansa, wadda soda ce da ta haɗu da iska, ba ta cutarwa, kuma rufe saman mazubi da leda a daren farko yana rage ta. Da damina kuma zai riƙa yin gumi saboda gilisarin da ke cikinsa yana jawo laima, sai a nisanta shi da bango da ƙasa. Rana kai tsaye ita ce babbar mai korar ƙamshi, kuma da zarar ya gama bushewa gara a adana shi a kwali rufaffe, kowane ƙamshi da kwalinsa.

Idan kin fara sayarwa, ina roƙonki da ki faɗi abin da sabulun yake yi kawai. Yumɓu yana tsotse maiƙo, yana ba kumfa santsi, yana ba da launi, amma ba ya sa fata ta yi fari, kuma sabulun da yake minti ɗaya a jiki kafin a ɗauraye ba zai warkar da makero ko kyasbi ba komai man da aka sa masa. Masu neman hasken fata za su matsa miki ki ƙara wani abu, kuma abubuwan da ake ƙarawa domin hakan, irin su sinadarin makuri, suna lalata ƙoda. Kayan da za su shiga kasuwa da suna da kwali suna buƙatar rajistar NAFDAC, kuma ki rubuta duk abin da ke ciki a jikin takarda, har da sunan kowane man ƙamshi, saboda masu borin jini su san abin da za su guje wa.

Shi kuwa zubin da ya tsage, kada ki zubar. Ki jiƙa gefen guda ɗaya ki gwada da takardar auna kaifi: idan ta nuna 9 zuwa 10, kuma sabulun ba ya marmashewa, ba shi da fararen ƙwayoyi ko ramuka masu ruwa a ciki, to lafiyarsa ƙalau, muninsa a ido ne kawai. Ki goge shi a magogi, ki yayyafa ruwa kimanin giram 100 a kowane kilo, ki sa a kwanon da ba na alminiyam ba ki ɗora a kan tukunyar ruwan zafi, kina juyawa har ya narke ya yi kamar tuwon da bai gama nuna ba. Ki sauke, ki bar shi ya ɗan huce, sannan ki zuba man ƙamshin ki danna a mazubi. A wannan karon man lemun zai fi zama, domin sodar ta riga ta gama aikinta. Idan kuwa takardar ta haura 11 ko sabulun yana marmashewa kamar alli, soda ta yi yawa tun a awo, sai ki goge shi ki ajiye domin wankin tufafi.